Tumu a Gonar Mutane

Marka ta zauna mana bana a Talata Mafara. Rana ta ƙi leƙowa, katangar bayan gida ta jiƙe har ta fara zubar da ƙasa, zannuwan da aka shanya sai warin danshi suke yi. Jiya da hantsi ina zaune a ƙofar ɗaki ina murza gwiwoyina, sai iska ta kawo mini ƙamshin tumu daga gidan maƙwabta, wani ya samo sabon gero ana gasa wa yara. A daidai lokacin ɗana Sanusi da abokansa suna zaure, ruwa ya tsare su, suna ta gardama a kan wani saurayi da aka kama ranar kasuwa da buhun masarar mutane a bayan babur. Wannan ya ce talauci ne, wancan ya ce ƙarya ne, hali ne kawai. Kowannensu cikinsa cike da ɗumamen da na ga an kai musu. Ban tsoma baki ba, wa ya tambaye ni? Amma ƙamshin nan da maganar nan sun haɗu sun mayar da ni wata damina ta zamanin aikin dam ɗin Bakolori, lokacin ina ɗauke da cikin shi Sanusin.

Ni 'yar Dakko ce, aure ya kawo ni wani ɗan ƙauye tsakanin Mafara da Bakura. Mai gidana sunansa Nomau, na iya faɗa yanzu tunda ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, amma ni Malam nake ce masa. Dogo ne, ba mai yawan magana ba. Mutum ne da idan akuyarsa ta tsinke ta ci ganyen waken wani, sai ya je ya ba da haƙuri tun mai gonar bai sani ba. Na sha gaya masa cewa gaskiyarsa ta yi yawa har tana gundurar mutane, sai ya yi murmushi ya ci gaba da gyaran ƙotar fartanyarsa. Gida ɗaya muke da ƙanensa Labbo da matarsa Tumba, dangar kara ce ta raba sassanmu. Labbo kuwa bakinsa ba ya hutawa, ko a wurin jana'iza sai ya sa wani ya ƙunshe dariya.

Shi dam ɗin can sama yake wajen Maradun, mu labarinsa muka riƙa ji kafin ya zo mana har gida. Da rani katafiloli suka shigo. Aka tara maza aka ce za a daidaita ƙasa a haƙa hanyoyin ruwa, daga baya a sake raba gonaki, mu riƙa noma rani da damina. Sharaɗi ɗaya ne, kada kowa ya yi shuka sai an gama. Muna tsaye muna kallo aka tuge ɗorawa da kuka da tsamiya, har da gawon da kakan Malam ya bari a tsakiyar gona. Gambar da ke nuna iyaka tsakanin gona da gona aka share ta. Ka fita bayan gari ka duba, jar ƙasa ce shimfiɗe har inda ido ya tsaya, babu inuwar da kaza za ta fake.

Daminar farko muka ci abin da ke rumbu. Da ta biyu ta zo aka sake cewa a dakata, aiki bai ƙare ba. Waɗanda suka yi ƙarfin hali suka shuka, katafila ta bi ta kan geronsu yana tsawon gwiwa. Diyya kuwa kullum tana hanya. Muka sayar da awaki, na sauke kwanonin jerena ɗaya bayan ɗaya, Malam ya kai babbar rigarsa kasuwa. Ya je ya bi layin neman aikin lebura, aka zaɓi samari aka bar shi tsaye. Na aika gidanmu Dakko ko za a taimaka mini da shinkafa, ashe su ma tun da aka tare gulbi ambaliya ta daina sauka fadamarsu, shinkafa ta bushe a tsaye. Abin da babana ya iya aiko mini shi ne gaisuwa da addu'a.

Abin da ya fi ci mini rai, ruwa ya yi kyau a shekarar. Wallahi tun da na yi wayo ban ga damina mai tsari irin wannan ba. A yi ruwa, a yi rana, a sake yin ruwa, duk yana zuba a kan ƙasar da aka hana mu taɓawa. Maza su zauna a zaure suna kallonsa, hannuwansu a kan gwiwa. Tafasa kaɗai ta ji daɗin shekarar, ta fito ta rufe fili ba mai hana ta.

Ita muka koma ci. Da asuba Malam ya tafi masallaci, ni in hura wuta in dama ɗan abin da ya rage na dusa, tsararo, yara su kurɓa. Rana ta ɗaga mata su fita da ƙwarya su tsinko tafasa da rama da lalo. A dafa, a matse, a barbaɗa gishiri idan akwai, ƙuli-ƙuli kam sai dai a tuna da shi. Haka da rana, haka da magariba. Yunwa da farko cizo take yi, mutum ya riƙa juyi yana jin haushin kowa. Daga baya sai ta yi shiru, baki ya yi ɗaci, ka miƙe tsaye ka ga gari yana juyawa sai ka dafa bango. Ƙauyen da tun asuba ake jin daka daga kowane gida ya koma tsit, sai kukan kwaɗi da tarin tsofaffi. Karnuka ma suka watse suka bar mu.

Can kan tudu, inda aikin bai kai ba, mutane sun yi nomansu yadda suka saba. Tafiya ce mai nisa, in ka fita bayan sallar asuba sai hantsi ya dubi ludayi za ka isa. Da marka ta kama, geronsu ya fid da kai ya fara ƙosawa, ya isa tumu. To a ƙasarmu akwai wata al'ada tun ta kakanni, 'yan yanzu ba su san ta ba. Idan yunwa ta kama mutum a kusa da gonar wani, yana iya shiga ya karyi abin da cikinsa zai ɗauka, ya hura wuta a gefen gonar a fili inda kowa zai gan shi, ya gasa, ya murje a tafin hannu, ya hure ƙaiƙayi, ya ci a nan. In ya gama ya tara toka da ragowar zangarniyar wuri ɗaya, don mai gona ya gane mai jin yunwa ne ya ratsa. Mai gona ba ya fushi, ladansa ya samu. Amma ko zangarniya ɗaya ka tsallake iyakar gonar da ita a hannu ko a aljihu, sunanka ya zama ɓarawo. An yi al'adar ne saboda matafiyi, ba wanda ya taɓa tunanin ƙauye guda zai rayu a kanta.

Haka mazanmu suka fara kwasar yara kowace safiya suna kai su tudu. Malam da yaranmu maza biyu, Labbo da nasa. Malam ba ya zama gona ɗaya kwana biyu a jere, kuma ba ya barin yara su karyi fiye da abin da za su cinye. Da la'asar su dawo, shi da ɗaurin itace da ganye a kai, su da baki baƙi ƙirin da toka. Ni cikina ya tsufa, ƙafafuna sun kumbura, ko bakin rijiya da ƙyar nake kaiwa. Ba na jin kunyar faɗa, nakan jawo hannun ƙaramin yaron in sa a hancina in shaƙi ƙamshin tumun da ya rage a tafinsa.

Ni babba ce, na iya daurewa. Ladi ce ba ta iya ba. Ita ce 'yar ƙaramarmu a lokacin, ba ta wuce shekara huɗu ba, yarinya mai surutu da ta saba zama a kan ƙafar babanta yana lilo da ita. Ƙyanda ta kwantar da ita a farkon damina, ta tashi amma ba ta murmure ba. Gashinta ya yi ja ya fara zuba, ƙafafunta suka kumbura, in ka danna da yatsa sai wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Tafasa ba ta zama a cikinta, yadda ta shiga haka take fita. Kullum maganarta ɗaya, "Inna, kunu mai fari," wato na gero, ba na dusa ba.

Wata rana bayan la'asar na sami Malam yana alwala a bayan ɗaki, na tsuguna gefensa.

"Malam, ɗiyar nan tana ƙarewa muna kallo. Gobe in kun tahi, ka sako min zangarniya ko biyu cikin aljihu, in daka in dama mata."

Ya tsaya da buta a hannu. "Kulu, kin san abin da kike cewa kuwa?"

"Na sani. Ba cewa na yi ka ƙara ba. Rabonka da za ka ci can, shi za ka rage ka kawo mata. Mi mai gona ya rasa?"

"Abin da na ci can, mai gona ya yahe shi tun ban zo ba. Wanda ya hito gona cikin aljihuna, ni na ɗauka, ba a ba ni ba."

"To ka roƙa a ba ka."

Ya ce ya roƙa. Sau ɗaya wani dattijo ya ba shi, ranar da na dama wa Ladi kunu na zaci saye ya yi. Da ya koma, dattijon ya nuna masa mutanen ƙauyenmu zaune a ƙofar gidansa, ya ce in ya ba ɗaya sai ya ba duka, a yi haƙuri a yi girbi, zakka za ta fita. Girbi kuwa da sauran makonni. Tun daga ranar nake duban Ladi ina tambayar kaina ko za ta kai.

Labbo bai tsaya wannan dogon tunani ba. Yana da jakar fata da yake ratayawa, ya zuba zangarniya a ƙasa ya rufe da ganyen rama a sama. Na gane ne ranar da Tumba ta kira ni bakin danga lokacin da Malam ke masallaci, ta miƙo mini ƙoƙon kunun gero da ɗuminsa. Na ba Ladi, ta shanye ta lashe ƙoƙon. Labbo ya leƙo ta kan danga yana washe baki.

"Matar Yaya, ki bar mijinki. Shi Aljanna yake son shiga da ciki wohi. Ni kam in an kira ni sai na ce a dakata in ƙoshi."

Na yi dariya, rabona da dariya har na manta. 'Yan kwanakin da ƙoƙon nan ya yi yana tsallako danga, Ladi ta tashi zaune, har ta fito tsakar gida tana wasa da marfin kwano. Ban gaya wa Malam ba, bai tambaya ba, kuma ko yau aka sake maimaitawa hannu biyu zan sa in karɓa.

Amma ba Labbo kaɗai ke da jaka ba. Mutanen tudu suka ga gefen gonakinsu yana ƙarewa, ga toka kaɗan ga ɓarna da yawa, sai suka sa samarinsu gadi da sanduna. Ranar wata Talata suka tare Labbo ya tsallake iyaka. Suka zazzage jakar a gaban 'ya'yansa, suka yi masa duka, suka ɗaure zangarniyar da igiya suka rataya masa a wuya. Malam yana wurin, wuta ɗaya suka gasa tumu, amma ko aljihunsa ba a taɓa ba, kowa a tudun ya san Nomau. Aka tasa Labbo gaba har Mafara ana cikin cin kasuwa, yara na bin sa da ihu. Malam ya aiko yara gida, shi ya bi su a baya tun daga tudu, riƙe da hular ƙanensa da ta faɗi. Alƙali ya aika Labbo gidan yari.

Bari in gama da Labbo, don ba zan so in sake komawa kansa ba. Ya fito bayan an yi girbi, amma a masallaci in ya tsaya sai na kusa da shi ya gyara aljihu. Ko kaza ta ɓata a gari, ƙofarsa ake fara zuwa. Da aka zo rabon sababbin gonaki ba wanda ya so iyaka da shi. Barkwancin nan duk ya mutu. Ƙarshe ya bi wasu masu korar shanun mutane, ya zama abin da ake kiransa da shi, kuma har yau ba mu san inda kabarinsa yake ba. Ɗaukar farko yunwa ce ta sa shi, wannan na shaida da idona. Sauran kuwa ban san wa zan ɗora wa ba.

Ranar da aka kama shi, Malam ya shigo gida ƙafafunsa duk jar laka, ya miƙa wa Tumba hular, ya zo ya tsaya a ƙofar ɗakina.

"Kin gani, Kulu?"

"Na gani. Ita ma ɗiyarka ka shigo ka gan ta."

Ƙoƙo ya daina tsallako danga, Ladi ta koma kwance. Wannan karon ko kunun ba ta tambaya, sai dai ta bi ni da ido duk inda na juya. Ruwa kuma ya ƙi ɗaukewa, ɗaki ya yi sanyi, tabarma ta yi danshi, itace ya ƙi kamawa sai hayaƙi. Haƙurina ya ƙare. Na tare Malam a tsakar gida, a gaban yara, abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidan.

"Sunan nan naka mai kyau, shi za ni dama mata ta sha? Kowa na cewa Nomau mutumin kirki, Nomau mai amana. To ga amanar da Allah ya ba ka nan kwance cikin ɗaki. In kana tsoron igiya a wuya, ni ka kai ni tudun, ni in ɗauko, a rataya min."

"In anka kama ni kamar Labbo, wa za ya kai yaran ga su ci? Ke da ba ki iya kai rijiya?"

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta ƙara ƙona mini rai. Na ce masa shi ba mai kama shi, ya ce ai don bai taɓa ɗauka ba ne. Na shige ɗaki na bar shi tsaye cikin yayyafi.

Washegari da ya dawo masallaci sai ya ce in kawo zane. Na ce na me? Ya ce in goya masa Ladi a baya. Na zaci ban ji daidai ba, namiji magidanci da goyo, a ina aka taɓa yi? Na ga ya ɗauki ƙoƙo da ɗan dutsen niƙana ya sa a aljihu.

"Tunda ba halin in kawo mata, ita za ni kai. Can za ni gasa, in niƙa, in dama mata ta sha a gehen gona kamar kowa."

"Malam, ɗaga kai ka dubi gabas. Yarinyar da ko tsayuwa ba ta yi za ka hidda cikin wannan hadari?"

"Muna dawowa kahin shi sauko, in Allah ya so."

Na tsaya a ƙofa, ya raɓa ni ya shiga ya ɗauke ta da kansa. Da na ga zai tafi da ita a kafaɗa ba rufi, na karɓi zanen na ɗaure masa ita da kyau. Ladi ta kwantar da kai a bayansa, har da ɗan murmushinta, ta ga yau da ita za a je. Na bi su da kallo har suka zama ɗigo a cikin jan filin nan.

Abin da ya faru a can, babban yaron ne ya ba ni labari. Sun isa lafiya. Itace a jiƙe, da ƙyar wuta ta kama. Malam ya gasa, ya murje, ya niƙa a kan wani falalen dutse, ya dama a ƙoƙo da ruwan da ya ɗumama, ya riƙa ba ta kaɗan-kaɗan. Ta sha, har ta ce a ƙara. Samarin gadi suna tsaye suna kallo, ɗayansu ya kawar da kai. Shi Malam ko ƙwaya bai sa a baki ba. Ya tara toka wuri ɗaya yadda aka saba, ya sake goya ta, suka juyo.

A tsakiyar filin aikin ruwa ya sauko, da iska. Da a da ne, ko'ina ka juya akwai kuka ko tsamiyar da za ka fake, akwai bukkar gona. Yanzu babu ko kututture. Laka tana kama ƙafa har ƙwauri, ramukan da aka haƙa sun cika sun tare hanya sai an zagaya. Malam ya kwanto ta daga baya ya rungume ta a ƙirji, ya tuɓe rigarsa ya lulluɓa mata, ya sunkuya a kanta yana tafiya. Sai bayan la'asar suka shigo gida. Na karɓe ta jikinta sanyi ƙalau, leɓɓanta sun yi baƙi, haƙora na haɗuwa.

Na hura wuta a ɗaki da guntun ƙyauren rumbu, tunda rumbun ba abin da yake tsarewa. Zazzaɓi ya rufe ta, ƙirjinta ya riƙa yin ƙara in ta ja numfashi. Tumba ta kawo saiwar da ta sani, liman ya yi rubutu muka ba ta. Asibiti sai Mafara, hanya kuwa ruwa ya yanke ta, ko jaki ba ya wucewa. Ba ta daɗe ba. Washegari da hantsi ta cika, kanta a kan cinyata, Malam na zaune a bakin ƙofa. Ba mu da ƙyallen likkafani, rawaninsa fari da bai sayar ba shi aka yanka. Yara suka ce mini sai da aka kwashe ruwa da ƙwarya daga kabarin kafin a sa ta.

Mutane suka zo gaisuwa, kowa jikinsa ba ƙwari. "Ya muka ji da haƙuri? Allah shi sa mai ceto ce." Daga ɗaki ina jin liman a zaure yana cewa a wannan zamani da mutane suka lalace, irin su Nomau ne ke riƙe da gari, ɗiyarsa na ciwo amma bai miƙa hannu ga haram ba. Maza suna cewa haka ne, haka ne. Na cusa bakin zane a bakina don kada a ji abin da zai fito.

Ban yi faɗa da Malam ba. Ban ce masa komai ba, shi ne dai abin. In ajiye masa tafasa in juya, in ya yi sallama in amsa ba tare da na ɗaga kai ba. Na ji haushinsa har cikin ƙashina, kuma na ji tausayinsa, duka biyun a lokaci ɗaya, na rasa inda zan sa kaina. Shi kuma ya daina zuwa tudu. Ya zauna a zaure yana kallon ruwa, yara na zagaya shi. Ana haka aka ce an fara yankan gero a tudu, tumu ya wuce, masu gona sun ce ba sauran hura wuta a gefen gona, a jira sai an kai amfani gida a fid da zakka. Yau in na ga shinkafa da tumatir kore shar a wannan fili, matasa na cewa dam ya kawo albarka, ba na musu, na ci daga ciki. Amma tun daga waccan shekarar ban sake jin an bar wani ya ci a gonar da ba tasa ba.

Wata safiya ina wanke wa ƙaramin yaron ƙafa, na danna bayan sawunsa, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Na kama hannunsa na kai shi zaure gaban Malam, na sake dannawa a gabansa. Ya daɗe yana kallon ramin yatsan nan. Sannan ya tashi ya sa takalmi ya fita, shi kaɗai, bai kira yara ba.

Ranar rana ta fito, irin mai zafin nan ta bayan ruwa, ƙasa na tururi. Azahar ta wuce, la'asar ta gabato. Ina tsakar gida ina tsince tafasa sai na ji muryoyi a waje ana gaisawa, "Sannu da kaya, Malam Nomau. Allah shi amfana." Sai ga shi ya sunkuyo ta ƙofar zaure da damin gero guda a kai, sabon yanka, ƙamshinsa ya cika gidan. Ya sauke shi a gabana. Gumi ya jiƙa masa riga, wuyansa na rawa. Yaran suka taso suka tsaya, Tumba ta leƙo ta kan danga.

"Zakka anka hidda?" na tambaye shi.

"A'a."

"Wa ya ba ka?"

"Ba kowa. Cikin gona na ishe shi, na ɗauka."

Na dubi ƙofa, ina jiran in ji ihu da sanduna. Ba kowa sai wata tsohuwa da ke wucewa tana ƙara yi masa sannu.

"Masu gadi fa?"

"Suna nan. Wanda ya rataya ma Labbo igiya, shi ya taya ni ɗorawa a kai. Har ya ce in gaishe ki da haƙuri." Ya zauna a ƙasa, a kan laka, kamar an zare masa ƙashin baya. "Tun daga tudu har ƙohwar gida, Kulu, da rana tsaka, ba wanda ya tambaye ni. Ko mutum ɗaya."

Ya ƙura wa damin ido. Da ya ɗago, idanunsa sun yi ja, ya yi mini tambayar da murya ƙasa-ƙasa don kada yara su ji.

"Ashe da tun farko haka za a bar ni in wuce?"

Na so in yi masa ƙarya, Allah ya sani na so. Na nemi ƙaryar a bakina ban same ta ba.

Na ce, "Awo, Malam. Da haka za a bar ka."

Sai na durƙusa na fara kwance damin, don yaran suna tsaye suna jira.